Kamar An Tsaga Kara: Sharhi kan Kalmar Simetiri

Akwai wani tela a bakin layinmu da nakan zauna a shagonsa in na taso daga aiki. Ran nan ina zaune sai yaronsa, wanda bai fi wata uku da fara koyo ba, ya kawo masa hannuwan wata shat guda biyu da ya yanka. Maigidan ya karɓa ya shimfiɗa a kan tebur, ya yi shiru yana dubawa, can ya ce, "Kai, wa zai sa wannan? Mai hannun hagu biyu?" Yaron ya ce, "Wallahi Maigida daidai suke, sai da na auna." Ya ɗora ɗaya kan ɗaya ya nuna masa, kuma gaskiyarsa, ba wanda ya ɗara wani ko da zare guda. Abin da ya faru shi ne yadin mai fuska da baya ne, hannun shat kuma yankan gabansa ya fi na bayansa zurfi. Yaron bai ninka yadin ba kafin ya sa almakashi, sai ya yanka na farko, ya ɗora shi a kan fuskar yadin ya fitar da na biyu. Maigidan ya jawo wani ƙyalle ya ninka shi biyu, fuska na kallon fuska, ya yanka sau ɗaya ya buɗe. Ya ce, "Ka gani? Ba daidai kaɗai nake so ba. So nake su kalli juna."

Wannan abin da telan yake nema yana da suna a littattafan lissafi da kimiyya. Da Ingilishi ana rubuta shi symmetry, Faransawa kuma symétrie, mu kuwa sai mu ce simetiri. In aka tambayi Bahaushe mai ilimin boko ma'anarsa, yawanci abin da zai fara fitowa daga bakinsa shi ne "daidaito". Ni ma haka nake cewa shekara da shekaru, har ranar da na ga hannuwan shat biyu da suke daidai wa daida amma ba su da amfani. Daidaito kalma ce mai faɗi: da ita muke zancen adalci tsakanin mutane, da ita muke zancen farashi, da ita muke cewa al'amura sun lafa. Simetiri wani abu ne na musamman, kuma ita kanta kalmar ba ma'ana ɗaya ta riƙe ba tun da aka ƙirƙiro ta. Ta sauya sheƙa aƙalla sau biyu, kuma kowace ma'ana ta bar saura a bakin masu amfani da ita. Shi ya sa take rikita mai fassara.

Asalinta Girkanci ne, summetria. Gaɓa biyu ce aka haɗa: sun, wato "tare", da metron, wato "awo" ko "ma'auni". Da suka haɗu sai harafin n ya rikiɗe ya koma m saboda maƙwabcinsa, kamar yadda mu ma muke rubuta "ɗan birni" amma bakinmu ya ce "ɗam birni". Rabi na biyu ba baƙo ba ne a wurinmu, domin daga metron ɗin nan aka samo mita, da kilomita, da santimitan da ke jikin tef ɗin telan. Don haka a farkon fari ma'anar kalmar ita ce tarayya a awo: abubuwa biyu da ma'auni ɗaya yake auna su.

Inda wannan ma'ana ta fi fitowa fili shi ne wajen Yuklid, wanda Larabawa ke kira Uƙlidis, malamin lissafin da ya zauna a Iskandariyya ta Masar kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A kashi na goma na babban littafinsa, wanda aka fassara zuwa Larabci tun zamanin Haruna Rashid, ya kira tsawo biyu summetra idan akwai awo ɗaya da zai auna kowannensu ba tare da ragowa ba. A ɗauki igiya mai kamu 6 da wata mai kamu 10: kamu ɗaya ya auna su duka. In ɗayar kamu 6 da rabi ce, sai a koma rabin kamu, ya shiga ta farko sau 13, ya shiga ta biyu sau 20, ba saura. Mutum zai ɗauka kowace igiya biyu a duniya haka suke, in dai aka yi ta rage ma'aunin za a kai ga wanda ya dace da su. Girkawa sun gano ba haka ba ne. A zana murabba'i, a ja layi daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta. Tsakanin wannan layi da gefen murabba'in babu awon tarayya, komai ƙanƙantarsa. In gefen 1 ne, layin 1.41421 ne da ɗoriya, ɗoriyar kuma ba ta ƙarewa, ba ta maimaita kanta. Irin waɗannan suka kira asummetra. A lura, a duk wannan bayani babu hagu, babu dama, babu madubi. Zancen mudu ne da abin da mudu ya auna.

Masu sassaƙa da magina suka ɗauki kalmar suka ba ta wani launi. Polykleitos mutumin Argos, a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya rubuta littafi kan yadda ya kamata a auna jikin mutum in za a sassaƙa shi. Littafin ya ɓata, amma likitan nan Jalinus, wanda ya zo ƙarnuka bayansa, ya kawo mana gundarinsa: kyau yana cikin dacewar yatsa da yatsa, da yatsu da tafin hannu, da tafin hannu da damtse, haka har kowace gaɓa ta dace da dukkan jiki. Ga abin da ya fi ɗaukar hankalina a nan. Mutum-mutumin da Polykleitos ya ƙera don nuna ƙa'idarsa, wani saurayi ne riƙe da mashi, ya ɗora nauyinsa a ƙafa ɗaya, ɗayar a sake a baya, kai a ɗan juye gefe. In ka ja layi daga goshinsa zuwa ƙasa, hagunsa da damansa ba su yi kama ba sam. Amma a idon Bagirke wannan shi ne ƙarshen summetria.

Daga nan sai Rum. Vitruvius, wani magini kuma injiniyan soja, ya rubuta littafi mai kashi goma kan gine-gine a ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya sadaukar da shi ga sarki Augustus. Shi ma da jikin mutum ya kafa hujja. Ya ce fuska, daga haɓa zuwa tushen gashi, kashi ɗaya ce cikin goma na tsayin mutum; kai gaba ɗaya ɗaya cikin takwas; tafin ƙafa ɗaya cikin shida; kamu ɗaya cikin huɗu; kuma in mutum ya ware hannuwansa, faɗin gabansa daidai yake da tsayinsa. Haka yake so gini ya kasance: a zaɓi awo guda, kamar kaurin ginshiƙi, sai tsayin ginshiƙin da tazarar da ke tsakaninsa da na kusa da shi da faɗin zauren duk su zama ninki ko kason wannan awo. Zanen nan da Leonardo da Vinci ya yi wajen 1490, na mutum tsaye cikin da'ira da murabba'i, bayanin Vitruvius ne ya mayar hoto. Kalmar kuwa haka Rumawa suka ɗauke ta da Girkancinta. Pliny Babba, wanda ya rasu a aman dutsen Vesuvius a shekara ta 79, ya faɗa ƙarara cewa Latin ba shi da kalmar da za ta maye gurbinta. Ashe ba mu ne farkon waɗanda suka tsaya a gabanta suna neman abin cewa ba, kuma su Rumawan ba su ga abin kunya a aro ba.

Sama da shekara dubu ɗaya da ɗari biyar kalmar tana nan a kan ma'anar dacewar gaɓoɓi, da ita ma ta shiga Ingilishi a ƙarni na 16. Sai a 1673 muka ga shaidar cewa ta fara zamewa. A shekarar ne Claude Perrault, likita kuma mai tsara gine-gine a Faris, ya fitar da fassarar Vitruvius da Faransanci. Da ya iso kan symmetria sai ya ƙi fassara ta da symétrie, duk da cewa kalma ɗaya ce. Ya yi bayani cewa a bakin Faransawan zamaninsa symétrie ta riga ta koma nufin wani abu dabam: tagar hagu ta yi daidai da ta dama a girma da tsayi da nisa daga tsakiya. Abin da Vitruvius yake nufi kuwa sai ya nemo masa wata kalmar.

Me ya jawo wannan zamiya? A ganina ido ne ya rinjayi lissafi. Kafin mutum ya gane cewa tsayin ginshiƙi ninki tara ne na kaurinsa sai ya ɗauko ma'auni, ko kuma ya daɗe a sana'ar. Amma cewa hagu ta amsa dama, wannan yaro ma yana gani daga nesa. Fadojin Turai na lokacin da lambunansu, irin na Versailles, an shimfiɗa su ne a kan layi ɗaya na tsakiya, kowane gefe yana maimaita ɗan'uwansa, sai masu kallo suka ɗauki sunan da magina ke yabon gini da shi suka liƙa wa abin da idonsu ya fi kamawa. Ba Turai kaɗai ke son wannan tsari ba. A Agra ta Indiya, a ƙarnin nan dai, sarki Shah Jahan ya gina hubbaren Taj Mahal. A yammacin hubbaren akwai masallaci na jan dutse, a gabas kuma aka gina wani gini mai kama da shi sak, don kada gefe ɗaya ya tsaya shi kaɗai. Sunan da ake kiran wannan gini na biyu shi ne jawab, wato amsa, tushe ɗaya da "jawabi" namu. Ban san wani suna da ya fi wannan dacewa da simetirin madubi ba: gefe ya yi magana, gefe ya amsa.

Masu lissafi sun ɗan makara kafin su karɓi sabuwar ma'anar. A 1768 masanin falsafa Immanuel Kant ya tsaya a kan matsalar da yaron telan nan ya faɗa ciki: hannun hagu da na dama komai nasu ɗaya ne, tsawon yatsu da tazararsu, amma ba yadda za ka juya ɗaya ya zauna a gurbin ɗayan. Sai a 1794 Adrien-Marie Legendre, a littafinsa na koyar da lissafin siffofi, ya ba irin waɗannan siffofi masu jiki suna, ya kira su masu simetiri da juna: daidai suke a kowane awo, amma jerin sassansu a juye yake. Masana tarihin kimiyya biyu, Giora Hon da Bernard Goldstein, sun fitar da littafi a 2008 suna kafa hujja cewa daga nan ne ma'anar kimiyya ta zamani ta faro, kuma kuskure ne a riƙa karanta ta a cikin rubutun mutanen da. Wannan ba ya nufin mutanen da ba su san abin ba. Wanda ya ƙera tukunya mai hannu biyu ya san shi, haka wadda ta fara tsaga kai a tsakiya ta yi kitso. Suna ne bai samu ba.

Sauyi na biyu ya fi na farko zurfi, kuma shi ne ya mai da kalmar ginshiƙi a kimiyya. Aka daina tambayar yadda abu yake kama, aka koma tambayar me za a iya yi masa ya zauna yadda yake. A ɗauki faifai mai ado, a ce wa mutum ya rufe ido, a juya faifan, ya buɗe. In bai iya gane an taɓa shi ba, to wannan juyin simetiri ne na faifan. Madubi ya zama hanya ɗaya kawai cikin hanyoyi. Dubi fankar silin mai fiffike uku: in ka juya ta kashi ɗaya cikin uku na zagaye, wato digiri 120, ta koma yadda take. Amma fikafikanta a karkace suke, don haka hotonta a madubi wata fanka ce dabam, wadda karkatarta ta juya. Tana da simetirin juyi, ba ta da na madubi. A yanka kuɓewa a gicciye, yawanci za a ga gefe biyar da ɗakunan 'ya'ya biyar, a juya ta sau biyar kafin a dawo mafari, kowane juyi kamar ba a yi ba. Ramukan saƙar zuma masu gefe shida-shida ne. Murabba'i yana da hanyoyi 8 cif: juyi huɗu, in an lissafa da barinsa yadda yake, da kifawa huɗu. Da'ira kuwa nata ba su ƙirguwa. Da wannan fahimta simetiri ya zama abin da ake ƙirgawa, har a ce wannan siffa ta fi waccan, ba don ta fi ta kyau ba.

Akwai kuma hanya ta uku, wato matsawa. Adon da ke zagaye bakin hula, in ka matsar da shi taki ɗaya sai ya faɗa kan kansa. Atamfa kuwa adonta yana maimaituwa ta tsawo da ta faɗi. A nan lissafi ya zo da wani sakamako da har yau nake jinjina shi. Duk adon da ke tafiya a layi ɗaya yana maimaita kansa, na bakin hula ne ko na gefen tabarma ko na bakin ƙwarya, in aka duba tsarin maimaituwarsa, iri 7 ne kacal. Wanda ke maimaituwa ta fuska biyu, irin na atamfa da tayil, iri 17 ne, ba na sha takwas. Evgraf Fedorov na Rasha ya tabbatar da haka a 1891, kuma a shekarar ne shi da Arthur Schoenflies na Jamus suka nuna cewa tsarin da ƙwayoyin ma'adinai masu ƙyalli, irin su gishiri da lu'ulu'u, za su iya jeruwa a kai iri 230 ne. Furanni da tsuntsaye da launukan da za a zuba a kan atamfa ba su da iyaka, amma ƙashin bayan da ke riƙe da su ɗaya ne daga cikin 17. Kayan aikin da aka yi wannan ƙirga da shi ya samo tushe daga Évariste Galois, saurayin Faransa da aka harbe a 1832 yana da shekara 20, wanda ya bar hanyar nazarin sauye-sauye a matsayin rukuni guda. Su kuwa maginan Musulmi da suka ƙawata fadar Alhamra a Garnaɗa ta Andalus a ƙarni na 14, da igiya da ma'auni suka fitar da da yawa daga cikin waɗannan tsare-tsare, shekara ɗari biyar kafin a ƙirga su. Bangayensu ne mai zanen nan na Holan, M. C. Escher, ya je ya kwafa a 1922 da 1936, kuma daga nan salon zanensa ya sauya.

Da kalmar ta kuɓuta daga siffa sai ta shiga wuraren da ba a zana komai. Masu lissafi suna cewa dangantaka tana da simetiri idan an musanya ɓangarorin biyu ba ta ɓaci ba. Hausa cike take da misalai. In Ladi kishiyar Talatu ce, to Talatu kishiyar Ladi ce. Haka maƙwabtaka, haka 'yan'uwantaka, haka abokin wasa. Amma in Audu wan Bala ne, Bala ba wan Audu ba ne, ƙanensa ne. In ina bin ka bashi, ba ka bi na. Kishiyar kalmar ma, wato rashin simetiri, ta yi kasuwa sosai. Masana tattalin arziki suna amfani da ita a kan cinikin da ɓangare ɗaya ya san abin da ɗayan bai sani ba. George Akerlof ya rubuta maƙala a 1970 kan kasuwar motocin hannu: mai sayarwa ya san ciwon motarsa, mai saye bai sani ba, don haka mai saye yakan taya kowace mota da farashin mai ciwo, masu lafiyayyun motoci su janye, kasuwa ta cika da gwanjo. Wannan aiki na cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Duk wanda ya taɓa jan bakanike zuwa wurin dillalin mota ya san matsalar tun kafin ya ji sunanta. Haka masu sharhin tsaro suke kiran yaƙin sunƙuru yaƙi marar simetiri, domin ɓangarorin biyu ba irin makami ɗaya ko dabara ɗaya suke amfani da ita ba.

Inda kalmar ta kai ƙololuwa shi ne kimiyyar fiziya. A 1918 Emmy Noether, wata malamar lissafi a Göttingen ta Jamus, wadda a lokacin sai da sunan wani farfesa namiji ake sanar da darussanta, ta tabbatar da wata ƙa'ida. A nan ba siffa ake juyawa ba, dokokin halitta ake gwadawa. In ka saki dutse yau ya faɗi, gobe ma da doka ɗaya zai faɗi. Sauya rana bai sauya doka ba, wannan simetiri ne. In ka yi gwajin a Kano ko a Damagaram, nan ma doka ɗaya ce. Noether ta nuna cewa kowane simetiri irin wannan, mai tafiya a hankali ba tsalle, yana haifar da wani adadi da ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Rashin sauyawar doka da sauyin lokaci shi ne dalilin da ya sa makamashi ba ya ɓata, sai dai ya sauya kama. Ɗalibai da yawa sun haddace wannan doka ta makamashi a sakandare ba tare da an taɓa gaya musu daga ina ta fito ba, kuma ina ganin an rage musu mafi daɗin labarin.

Sai dai kada a ɗauka halitta duk a tsage take biyu. Daga waje mutum ido biyu ne, kunne biyu, hannu biyu. Mahauci kuwa ya san ciki ba haka yake ba, likita ma ya sani: zuciyar mutum ta karkata hagu, hanta tana dama, saifa tana hagu, huhun dama ɓangare uku ne, na hagu biyu. A 1848 Louis Pasteur, yana ɗan shekara 25, ya lura cewa ƙwayoyin wani gishirin sinadari iri biyu ne a ƙarƙashin madubin ƙara girma, wasu na hagu wasu na dama, ya zauna da hantsaki ya ware su ɗaya bayan ɗaya. Daga baya aka gano cewa tubalan da jiki ke gina furotin da su kusan duka na hannu ɗaya ne. A ƙarshen 1956 zuwa farkon 1957 kuma Chien-Shiung Wu, wata masaniya 'yar asalin Sin da ke aiki a Amurka, ta sanyaya sinadarin kobal-60 har kusa da ƙarshen sanyi, ta ga ƙwayoyin lantarkin da ke fita daga cikinsa sun fi yawa ta gefe ɗaya. Kafin nan masana sun ɗauka dokokin halitta ba su bambanta hagu da dama. Gwajinta ya rushe wannan zato. Mutum biyun da suka ba da shawarar a gwada, Lee da Yang, sun karɓi Nobel a 1957, ita kuwa ba a sa sunanta ba, kuma wannan rashin adalci ne.

Yanzu mu dawo gida da waɗannan ma'anoni a hannu, mu dubi babbar riga mai aska takwas. Nauyin aikin yana gefen hagu ne, a kan babban aljihun, askakin sun zubo ƙasa da tsininsu, a ƙirjin dama kuwa tambari ne yake murɗe shi kaɗai. In da ma'anar Perrault za a auna ta, rigar ba ta da simetiri. Amma wanda ya taɓa ganin dattijo ya naɗe hannuwanta a kafaɗa ya taho, ya san babu abin da ya yi yawa ko ya gaza a jikinta: tsawon aska ya dace da faɗin aljihu, girman tambari ya dace da filin da aka bar masa. Wannan ita ce summetria ta Polykleitos, dacewar gaɓa da gaɓa. Dagi kuwa, da ake zanawa a bangon gida da jikin hula, na ɗaya ma'anar ne, ninka shi biyu ka ga gefe ya rufe gefe. Sannan ga mangalar jaki: a zuba gero a gefe ɗaya, a sa dutse a ɗayan don kada ta zame. Ta daidaita, amma ba dacewar gaɓoɓi a nan, ba kuma kallon juna, nauyi ne kawai ya zo ɗaya. Abu uku ke nan mabambanta, kuma in muka kira su duka "daidaito" mun rufe wa ɗalibi ido a daidai wurin da ake so ya buɗe shi.

Larabci ya raba su, kuma saiwoyinsa ba baƙi ba ne a kunnenmu. Dacewar sassa ita ce tanasub, dangin "nasaba" da "munasaba". Simetiri kuwa akan ce tamasul, dangin "misali", ko tanazur, dangin "nazari", wanda asalinsa abu biyu ne suna duban juna. Telan layinmu bai karanta wannan a ko'ina ba, amma da ya ce "su kalli juna" kalmar ya fassara daidai.

Ga abin da nake ganin ya dace mai koyarwa da mai fassara su yi. In marubucin da ake fassarawa tsohuwar ma'anar yake nufi, kamar mai yabon gini ko ƙirar doki, a ce dacewar gaɓoɓi ko dacewar ƙira, a bar daidaito ya yi aikinsa a wajen awo da adalci. In na madubi ne, muna da abinmu a gida. Mukan ce wane da wane sun yi kama kamar an tsaga kara, kuma duk wanda ya taɓa tsaga karan dawa ya san rabin nan biyu fuskantar juna suke yi a kan layin da wuƙa ta bi. Malamin firamare zai iya ce wa yara siffa mai tsagin kara, layin tsakiyar kuma layin tsagi ko layin ninki, ya ba su takarda su ninka, su yanka, su buɗe. Ya kawo kuɓewa aji ya yanka a gicciye don nuna na juyi, ya cire hularsa ya nuna na matsawa. Amma babbar ma'anar da ta haɗa waɗannan duka, ta miƙa har zuwa kishiyoyi da dokar makamashi, wato sauyin da ake yi wa abu ya zauna yadda yake, tsagin kara ba zai ɗauke ta ba, daidaito ma ba zai ɗauka ba. A nan ina goyon bayan a ari kalmar a rubuta ta da bakinmu, simetiri, a bayyana ta sau ɗaya da faifai a hannu, sannan a ci gaba da amfani da ita kamar yadda muka yi da 'yar'uwarta mita.